Hoton Juma'ar Ƙarshe

Sabo, Ibadan
Farkon watan Zulƙida

Abdulmuhaimin,

Assalamu alaikum. Ina fata kana lafiya, kai da Inna da duk mutanen gida a can Kano. Ya ƙarin haƙurinmu? Mu nan da sauƙi. Ƙafafuna ne suka kumbura, amma unguwarzoma ta ce haka cikin wata bakwai yake yi wa wasu. Gwaggo Suwaiba ta tare a ɗakina tun ranar da aka kai yayanka makwancinsa.

Kada ka yi mamakin ganin takarda. Gwaggo ta karɓe wayata, ta ce mai takaba ba ta sakin murya a kunnen maza, ko da ƙanin miji ne. Na ce to rubutu fa? Ta ce takarda ba ta da murya. Gali, direban nan da yake sauke albasa a kasuwar Bodija, shi zai kawo maka. Ka yi haƙuri da rubutuna, ka san ban yi nisa a boko ba.

Kwamfutar yayanka ce ta ƙi tashi. Wadda yake buga katunan biki da ita a shago, da ciwo ya kwantar da shi ya dawo da ita gida. Shekaranjiya an kawo wuta da ƙarfi tana jone, tun daga nan in na kunna sai fuskarta ta yi shuɗi, ta mutu, ta sake tashi, ta sake yin shuɗi.

Zan gaya maka abin da ban gaya wa kowa ba. A cikin azumi, bayan likitoci sun sallame mu sun ce a koma gida a ci gaba da addu'a, wata rana da hantsi ya ce in rufe ƙofa in riƙe masa kwamfutar kusa da bakinsa. Ya yi kiran salla a hankali, irin wanda ake yi wa jariri a kunne. Ya yi iƙama. Ya faɗi sunan da ya zaɓa, Aminullahi, don hoton asibiti ya nuna namiji ne. Sannan ya yi wa yaron 'yar magana. Da ya gama ya ce, "Ranar da ya zo, ki kara masa a kunnen dama. Ba na son ya shigo duniya bai ji ubansa ba." Na ce me ya sa ba a waya ba? Ya ce waya ana sacewa a cikin tasi, amma wannan tana da rumbu.

Ka san rumbun, ɗan baƙin akwatin nan mai igiya da kai ka aiko masa. Duk Juma'a in ya dawo daga masallaci, tun bai cire babbar riga ba, sai ya jona shi, ya zauna cin abinci yana kallon wani koren layi yana cika. Na taɓa yi masa tsiya na ce ya fi kula da akwatin nan a kaina. Ya yi dariya ya ce ba kwafin takardu yake yi ɗaya-ɗaya ba, hoton cikin injin gaba ɗaya yake ɗauka. Kamar a ɗauki hoton ɗaki da gadonsa da kwanukansa har tsintsiya a inda aka jingine ta, in ɗakin ya ƙone a mayar da komai mazauninsa. Ya ce in wani abu ya faru, Muhaimin ya san yadda ake mayarwa.

To ga shi ya faru. Rumbun yana nan cikin durowa. Tun cikin Rajab da ya daina iya zuwa masallacin Juma'a ban ƙara ganin ya fito da shi ba, amma lafiyarsa ƙalau, na goge masa ƙura.

Roƙona ɗaya. Kada ka gaya wa Baffa Dabo, babban gidanmu a nan Sabo, zancen muryar nan, kada ka gaya wa Gwaggo. Ka san Baffa, zai ce mamaci ba ya kiran salla, kuma ba a san haka a gidanmu ba. Ba ni da ƙarfin gardama da kowa yanzu. Ina so ranar in kunna abuna shiru.

Ka gaya mini yadda zan yi. A gaishe da Inna.

Matar yayanka,
Safiya


Kano
Ranar Asabar

Anti Safiya,

Wa alaikumus salam. Takardarki ta iso, Gali ya miƙo mini ita tana warin albasa. Inna tana lafiya, tana gaishe ki, ta ce ki riƙa ɗora ƙafafun a kan matashi. Da can ne da na ce matata ta tsufa har ta koma rubuta wasiƙa, amma yanzu wasan ya ƙi fita daga bakina. Allah ya jiƙan Yaya Tawfiq.

Ki karanta nan da kyau. Kada ki bari kowa ya taɓa kwamfutar nan, kuma kada kowa ya jona mata rumbun.

Ga dalili. Hoton da ke cikin rumbu hoton ranar da aka ɗauke shi ne, ba ya sanin abin da ya zo bayansa. Kin ce tun Rajab Yaya bai ƙara fito da shi ba. Ke nan hoton ƙarshe na Rajab ne, muryar kuma a azumi aka ɗauke ta. Ba ta cikin rumbun, Anti. Wuri ɗaya take a duniya, cikin faifan kwamfutar da ta ƙi tashin. Kuma mayar da hoto ba ƙari yake yi a kan abin da ke ciki ba. Share ɗakin yake yi tas, sannan ya jera kayan ranar da aka ɗauke shi.

Kada wannan ya tayar miki da hankali. Shuɗin da kike gani ba ya nufin kayan ciki sun lalace, ƙofar ce kawai ta cije. Abin da za a yi shi ne, a fara ɗaukar sabon hoton faifan yadda yake a yau, da ciwonsa da komai, a ajiye gefe, a ciro muryar. Bayan nan a yi gyaran da za a yi. Ni zan yi da hannuna. Maigidana ba zai sake ni ba sai an sauko daga Babbar Salla, amma kwanan haihuwarki bai kai ba tukuna.

Akwai abu ɗaya. Kafin takardarki ta zo, Baffa Dabo ya kira ni ya ce yana son a buɗe shagon Yaya, Iliyasu ɗan Kawu ya riƙe shi don a samu na kula da ke da abin da za ki haifa. Ya tambaye ni ko injin zai gyaru. Na ce abu ne mai sauƙi, hoton yana cikin rumbu, kowane mai gyara zai iya mayarwa. Ban san da zancen muryar ba a lokacin. Da na karanta takardarki na sake kiransa na ce a dakata sai na zo. Ya ce don me? Na tuna roƙonki, sai na ce na fi son in yi da kaina. Ya ce Allah ya kai mu.

Ki naɗe ta a zane ki tura ƙarƙashin gado. In sha Allahu Aminullahi zai ji ubansa.

Ƙaninki,
Abdulmuhaimin


Sabo, Ibadan
Tsakiyar Zulƙida

Abdulmuhaimin,

Sallama da gaisuwa. Ina fata kowa lafiya. Har yau ban ga amsarka ba, Gali ma ba a gan shi a Bodija ba. Wannan zan ba wani mai kai goro ne da zai tashi daga tashar Ojoo.

Ka sha kuruminka, kwamfutar ta tashi. Ranar Litinin Baffa Dabo ya zo da Iliyasu, suka tsaya bayan labule, Gwaggo ta shigo ta ce in ba da injin da akwatinsa. Na ce, "Gwaggo, a bari Muhaimin ya zo mana." Baffa ya jiyo ni. Ya ce, "Ai shi Muhaimin ɗin ne ya ce abu ne mai sauƙi. Yaran zamani kowa so yake a ce sai shi. Salla ta ƙarato, masu biki suna ta zarya a ƙofar shago, maraya kuma ba zai ci injin da ke kwance a ɗaka ba." Da na ji kai ne ka faɗa, sai zuciyata ta kwanta. Ni da kaina na buɗe durowa na miƙa rumbun.

Sun kai wa wani mai gyara can wajen Mokola. Kafin la'asar sun dawo, Iliyasu yana ta washe baki, wai mutumin ya ce, "E don come back like new," wato ta dawo kamar sabuwa. Na roƙa a bar mini ita zuwa magariba kafin a wuce da ita shago. Gwaggo ta tafi alwala, na ja ƙofa.

Muhaimin, ta tashi, amma kamar ba ita ba. A cikin azumi yayanka ya sa hoton asibiti na yaron a fuskarta, wannan baƙi-baƙin da ba a gane kai da ƙafa. Yanzu tsohon hoton ne ya dawo, wanda muka ɗauka ranar da ya buɗe shago, yana da kumatunsa. Katin bikin Fauziyya 'yar maƙwabtanmu yana nan buɗe rabi, bai gama sa sunan angon ba, alhali Fauziyya tun Sha'aban take ɗakinta. Har wata 'yar takarda ta leƙo a gefe tana tuna masa ranar Laraba zai je gwajin jini. Gwajin farko ke nan, wanda muka je muna dariya a hanya, ya tsaya ya saya mini dodo, soyayyar ayabar nan ta Yarbawa, a bakin titi. Injin nan bai san ya mutu ba. Bai ma san ya kwanta ba.

Na zauna ina kallo har na manta abin da na zo nema. Da na tuna, sai na duba gefen dama daga ƙasa, inda ya ajiye foldar da ya rubuta wa "Na Aminullahi". Ba ta nan. Na duba ko'ina da na iya. Na buɗe kwandon sharar injin ma, babu.

Na san ba ɓata ta yi ba, tunda yayanka ya ce komai yana komawa mazauninsa. Ina jin mai gyaran ne ya tura ta wani lungu. Ban tambayi Iliyasu ba don kada ya ce mece ce a ciki. Sun tafi da ita shago, aiki ya kankama, Iya Sakinat, maƙwabciyarmu mai sayar da amala, ta ce har layi ake yi.

Ka rubuto mini dalla-dalla inda zan danna, yadda ake yi wa yaro. Zan ce a kawo mini ita ranar Juma'a in an rufe shago.

Yaron yana motsi sosai, musamman in an kira salla a masallacin bayanmu.

Matar yayanka,
Safiya


Sabo, Ibadan
Ƙarshen Zulƙida

Abdulmuhaimin,

Muna lafiya.

Yau Gali ya kawo takardarka. Motarsa ce ta lalace bayan Jebba, albasa ta fara ruɓewa, ya shiga neman kansa, takardar tana cikin aljihun mota ya manta da ita. Ya ba da haƙuri ta bakin Gwaggo. Kowa haƙuri yake ba ni.

Na karanta da kyau, yadda ka ce. Na ga layin da ka ja a ƙarƙashin "kada ki bari". Har biyu ka ja. Ba sai ka amsa waccan takardar tawa ba, na gane babu inda zan danna.

Baffa ka kira shi a waya, maganarka ta iso Ibadan kafin ka rufe baki. Ni kuma ka ba ni tawa a motar albasa. Ka san inda Gwaggo take, ka san lambarta. Ka san lambar Iliyasu, tare kuka yi makarantar allo. Ba sai ka tona mini asiri ba, da ka ce musu injin zai ƙone in an taɓa shi, da ka yi musu kowace irin ƙarya. Sai ka ce wa dattijo ka fi son ka yi da kanka, ka zaci zai zauna jiran yaron da aka yi wa suna a gabansa. Ya ce maka Allah ya kai mu, kai kuma ka ɗauka amsa ce.

Abu ne mai sauƙi. Kullum sai na ji wannan maganar a kunnena.

Kada ka ce mini ni na hana a faɗa. Na sani. Ina tsaye da rumbun a hannuna, labule kaɗai ke tsakanina da Baffa, kalma biyar ta isa. Na ji kunya, na ji tsoro, na miƙa. An ce kada maza su ji muryata, na bi. Ga shi an bi da tasa muryar ma.

Da na gama karantawa na yi kukan da ban yi ba ranar da aka fita da shi. Gwaggo ta ce, "Ke kuma kukan me, ba injin ya tashi ba?" Iya Sakinat ta leƙo ta taga tana ta ce mini pele, pele, wato sannu da Yarbanci, ba ta san na mene ne ba, amma ita kaɗai ce ba ta tambaye ni dalili ba.

Shekara nawa yayanka yana jona akwatin nan, bai taɓa fashin Juma'a ba. Ya adana katunan bikin mutanen da wasunsu har sun rabu. Abu ɗaya da ya yi don ɗansa, shi ne bai shiga ba.

Ba sai ka zo bayan Salla ba. Ka huta.

Safiya


Kano
Salla saura kwana kaɗan

Anti Safiya,

Takardunki biyu sun iso tare. Ba ni da bakin kare kaina, kuma ba zan ce ki yi haƙuri ba tunda kin gaji da jin ta.

Na karya alƙawarinki. Na kira Baffa na gaya masa komai. Ki ƙara wannan a kan laifina. Na yi ne don akwai ɗan abin da ya rage, kuma ba zai jira motar albasa ba.

In an mayar da hoto, injin yana rubuta kayan hoton ne a inda suke buƙata. Sauran filin faifan yana ɗaukarsa fanko, amma ba lallai ya goge abin da ke kwance a wurin ba, sai sabon aiki ya zo ya hau kai. Wato wataƙila wani abu na muryar yana nan, ba suna, ba folda. Amma duk katin da Iliyasu ya ajiye, duk hoton da ya zuba, yana iya faɗawa a kanta. Dole a kashe injin nan take.

Baffa ya ce, "Me ya sa ba wanda ya gaya mini?" Bai ce komai a kan halacci ko haramci ba. Iliyasu ya ce Baffa da ƙafarsa ya taka har shagon, ya sallami mutanen da ke layi, ya sa kwaɗo. Gobe Iliyasu zai hau mota a Ojoo da injin da rumbun a cinyarsa.

Ban yi miki alƙawarin komai ba. Na riga na yi ɗaya.

Abdulmuhaimin


Kano
Bayan Salla

Anti Safiya,

Assalamu alaikum. An yi Salla lafiya? Inna tana tambayar jikinki kullum. Ba ki amsa ba, ban kuma sa rai ba.

Da injin ya iso, na ciro faifan na ɗauki hotonsa yadda yake, na ajiye a wuri biyu. Abin da ya kamata a yi tun farko ke nan. A kan kwafin na yi bincike, ban taɓa ainihin ba.

Iliyasu ya zuba bidiyon bukukuwa masu nauyi a kwanakin da ya yi aiki. Sun cinye kusan duk filin. Na tsinci gutsattsarin abubuwa da yawa, rabin hotuna, takardun asibiti, na bi su ɗaya-ɗaya ina saurare. Na samu farkon muryar. Farkon kawai.

Zan gaya miki abin da ke ciki don kada ki kunna da wani tsammani. Ya yi tari. Ya ce, "Safiya, ya fara ɗauka?" Kin ce, "Ya fara." Ya yi kabbara. Ya shiga kalmar shahada, bai kai ƙarshenta ba ta yanke. Daga nan sai ƙara, sai kiɗan bikin wasu. Na datse kiɗan. Iƙamar babu, sunan babu, maganar da ya yi wa yaron babu. Na nema har idona ya daina gani.

Akwai wata shawara, ki duba. A cikin hoton Rajab akwai muryar Yaya da yawa, saƙonnin da yake tura wa masu kawo aiki da tallan shago da ya ɗauka. Yanzu akwai manhajar da in an ba ta muryar mutum sai ta koya, ta faɗi duk abin da aka rubuta mata da irin muryarsa. Zan iya sa ta ƙarasa kiran sallar, ta faɗi sunan. In kin tuna maganar da ya yi, ki rubuto, ita ma a sa. Wallahi ba mai bambancewa.

Iliyasu zai dawo da injin, da rumbun, da ɗan filash mai guntun muryar. Na sa ta a cikin injin ma, na riƙe kwafinta da na hoton Rajab a wurina. Na nuna masa yadda ake ɗaukar hoto, zai nuna miki.

Ƙaninki,
Abdulmuhaimin


Sabo, Ibadan
Cikin Muharram

Abdulmuhaimin,

Wa alaikumus salam. Na san labari ya riga takardar nan, amma ina so ka ji daga wurina. Na sauka lafiya ranar Talata da safe, namiji. Yana da dogayen yatsu irin na gidanku, da goshin Inna. Ni ma da sauƙi, Gwaggo tana ta gasa ni da ruwan zafi kamar kaza. Takaba ta ƙare da haihuwar, Gwaggo ta miƙo mini wayata a cikin leda. Ga ta nan a gefena. Na ga kiranka. Na saba da takarda, kuma akwai abin da in na fara faɗa da baki ba zan ƙarasa ba.

Da muka dawo daga asibiti, Baffa ya zo yin huɗuba. Tun ranar da ya rufe shagon bai ƙara yi mini magana ba, sai dai ya aiko da cefane. Gwaggo ta ɗauki yaron za ta miƙa masa a bakin ƙofa. Na ce, "Baffa, a bar ubansa ya fara." Muryata ta fita da ƙarfi fiye da yadda na so. Gwaggo ta zaro ido. Baffa ya ce, "Kawo injin."

Iliyasu ya riƙe kwamfutar, Baffa ya zauna a kan tabarma da yaron a hannunsa, ya juya kunnen dama wajen ta. Ni na danna.

Ya yi tarin. Ya tambaye ni ko ya fara ɗauka. Muhaimin, na san abin da ke zuwa, ka gaya mini, amma sai da na buɗe baki zan amsa masa. Ya yi kabbara. Yaron ya daina mutsu-mutsu, ko dai ni ce nake son in ga haka. Ya shiga shahada, ta yanke.

Sai Baffa ya sunkuya, ya ɗauka daga daidai inda ta tsaya, bai koma farko ba. Ya ƙarasa kiran, ya juya ɗaya kunnen ya yi iƙama, ya ce Aminullahi. Gemunsa ya jiƙe. Ya miƙa yaron ya tashi, ya manta takalminsa ɗaya sai da Iliyasu ya bi shi da shi.

Ban ce masa na gode ba. Ban ce na yafe ba, shi ko kai ko ni. Wataƙila zai zo, yanzu dai bai zo ba, kuma ba zan rubuta abin da babu shi ba.

Zancen manhajar nan, a'a. Na san da kyakkyawar niyya ka faɗa. Amma ba zan sa wa ɗana abin da ubansa bai faɗa ba a kunne in ce ubansa ne. Kai ka ce ba mai bambancewa. Ni zan bambance. Kuma kada ka gyara guntun da ka samo, kada ka cire tarin. Tarin ma nasa ne. Hoton Rajab kuma ka ajiye shi yadda yake, kada a ɗora komai a kansa. In yaron ya girma ya ga ubansa lokacin da yake da kumatu.

Ranar Juma'a da aka rufe shago Iliyasu ya kawo injin, na jona rumbun da hannuna yadda ka koya masa. Na zauna ina shayar da yaron ina kallon koren layin yana cika. Ya cika har ƙarshe, ya ce an gama lafiya. Zan riƙa yi duk mako, ko da wa ya kwanta, ko da wa ya daina zuwa masallaci.

Sauran maganar da ya yi wa ɗansa, ba ta ko'ina yanzu sai a kaina. Tun ranar da takardarka ta zo nake maimaita ta safe da yamma kamar mai hadda, don in faɗa masa in ya yi wayo. Na san ya ce ya riƙe salla. Na san ya ce ya kula da ni. Akwai wani abu da ya faɗa a tsakani wanda ya sa ni dariya ina kuka, har ya ce in daina girgiza masa injin. Jiya na zauna in faɗa wa Aminullahi, na nema na rasa.

Ranar Talata ne suna. In maigidanka ya sake ka, ka zo ka ga ɗanka. A gaishe da Inna.

Safiya, uwar Aminullahi